Raspberry Pi da tsohuwar amfilifaya: ina ya kamata kuɗin su tafi?

Wani ɗan'uwa ya turo tambaya kamar haka: "Ina da tsohuwar amfilifaya da lasifika biyu masu daɗin sauti, sai dai ba ta san intanet ba. Waƙoƙina suna cikin faifan ajiya, wasu kuma ta Spotify nake saurara. Na gaji da Bluetooth, da an kira ni kiɗan ya yanke. An ce Raspberry Pi za ta iya ciyar da amfilifayar, ni kuma ina juya ta daga waya. Wacce zan saya? Kuma ramin iyafis ɗin da ke jikinta ya wadatar?"

Malam, abin da aka gaya maka gaskiya ne, kuma aikin bai fi ƙarfin mutumin da ya iya sa kati a waya ya kuma bi umarni a nitse ba. Amma bari in fara da gyara tambayar, domin yawancin masu shiga wannan harka suna ɓata lokacinsu a kan "wacce Pi zan saya", alhali ba a nan gizo ke saƙar ba. Ita Pi, 'yar ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu, ɗan aike ce kurum. Aikinta ta ɗauko lambobin da aka adana waƙa da su daga faifanka ko daga intanet ta miƙa su gaba. Wanda ke mayar da lambobin nan su zama sautin da kunne zai ji wani ɗan guntu ne daban da ake kira DAC, sannan ga wutar da ke ciyar da su duka. Waɗannan biyun su ke yanke hukuncin ko za ka ji daɗin abin ko za ka jefa shi cikin durowa bayan sati biyu.

Ga dalilin da ya sa na ce Pi ba ta da wani nauyi a kanta. Sautin faifan CD ana ɗaukarsa sau 44,100 a daƙiƙa, kowane ɗauka bit 16, gefe biyu, hagu da dama. In ka lissafa, kilobit 1,411 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Ko waƙar da aka adana a mataki mafi tsada, bit 24 a kilohaz 192, ba ta wuce megabit 9 da 'yan kai. Raspberry Pi ta farko da gidauniyar nan ta Kambirij a Ingila ta fitar a 2012 ma tana iya wannan, balle waɗanda suka biyo bayanta. Saboda haka sayen Pi 5, wadda ta fito a 2023, don sauraron kiɗa kamar ɗauko tirela ne a kai wasiƙa. Ta fi cin wuta, ta fi zafi, kuma in ka sa mata fanka to ka kawo ƙara ɗakin da kake neman shiru.

Ni abin da nake ba wa mutane shawara shi ne Pi 3 ko Pi 4, ko da ta hannu ce. Pi 3 ta 2016 ita ce ta fara zuwa da Wi-Fi da Bluetooth a jikinta, kuma har yau tana wannan aiki ba gajiya. Lam'arta ɗaya ce: ramukan USB ɗinta huɗu da ramin kebul ɗin intanet duk hanya ɗaya suke bi zuwa cikin firosesa. In ka jona faifan ajiya, ka jona DAC na USB, ga kebul ɗin intanet, dukkansu suna turereniya a ƙofa guda, wani lokaci sai ka ji sautin na ɗan tsinkewa. Pi 4 ta 2019 ta raba musu hanya, don haka in DAC na USB za ka yi amfani da shi, ita ce zaɓi. Mai ƙwaƙwalwar gigabayit 1 ko 2 ta ishe ka har da saura. Akwai kuma 'yar ƙaramar, Zero 2 W ta 2021, mai megabayit 512. Tana da kyau ga ɗakin kwana ko wurin da rediyon intanet kawai ake so, amma ba ta da ramin kebul ɗin intanet, Wi-Fi ɗinta na gigahaz 2.4 ne kaɗai, kuma sau da yawa sai ka like mata fil-fil 40 ɗin da ake jona ƙarin kaya a kansu, da dalma da hannunka. In ba ka taɓa riƙe ƙarfen dalma ba, nemi wadda aka riga aka like.

Yanzu ga batun ramin iyafis. Amsar ita ce a'a, kada ka dogara da shi. Zai yi ƙara, za ka ji waƙa, amma babu DAC na gaskiya a bayansa. Dabara ce aka yi ta kunna wuta da kashe ta cikin tsananin sauri, sai a tace abin ya yi kama da sauti. An gyara dabarar sau da dama cikin shekaru, ta fi da, amma a kan lasifika masu kyau za ka ji wani siririn "shiii" a ƙarƙashin kiɗan, musamman inda mawaƙi ya sassauta murya ko tsakanin waƙa da waƙa. Su kansu masu ƙera ta sun cire ramin gaba ɗaya daga Pi 5. Ka yi amfani da shi ranar farko don ka tabbatar komai na aiki, daga nan ka manta da shi.

Hanya biyu ce ta samun DAC na kirki. Ta farko ita ce ɗan fallen da ake kifawa a kan Pi, ya zauna daram a kan fil-fil 40 ɗin kamar hula, shi ya sa ma suka sa masa suna HAT. Yana karɓar sauti kai tsaye daga firosesa ta wata hanya da ake kira I2S, ba ya bi ta USB sam. HiFiBerry na ƙasar Suwizalan na daga cikin waɗanda suka fara yin su, akwai kuma IQaudio wanda Raspberry Pi ta saye a 2020 ta ci gaba da fitar da kayansa da sunanta. Mafi yawansu guntun PCM5122 na kamfanin Texas Instruments ne a ciki, ko ƙanensa PCM5102A. Suna fitar da kusan bolt 2 ta ramukan nan ja da fari, daidai da abin da na'urar CD ke bayarwa, wato daidai da abin da amfilifayarka ta saba ci tun tana sabuwa.

A nan akwai wani abu da ya cancanci a tsaya a kai, domin shi ne bambancin da ke tsakanin mai araha da mai ɗan tsada. Lambobin sauti ba isowarsu kawai ake buƙata ba, sai sun iso a kan lokaci, kamar makaɗin da ko ya san kiɗan, in hannunsa na gaba yana baya to ya ɓata rawa. Agogon da ke cikin Pi ba don kiɗa aka yi shi ba, sai an yi ta rarraba shi kafin a samu 44,100 ɗin nan, kuma rabon ba ya fita cif. Fallayen da suka fi kyau suna zuwa da nasu agogo biyu, ɗaya mai megahaz 22.5792 don dangin kilohaz 44.1, wato 44,100 ɗin nan, ɗaya mai 24.576 don dangin 48, sai su karɓe ragamar lokaci daga hannun Pi. A na'urar awo ana ganin bambancin ƙarara. A kunne kuwa, in faɗa maka gaskiya, na sha gwada mutane ba tare da sun san wanne ke kunne ba, ba kowa ke iya rarrabewa ba, ni ma ba kullum ba. In ƙarin kuɗin kaɗan ne, ɗauki mai agogon. In zai sa ka rage a wajen adaftar wuta, bar shi.

Hanya ta biyu DAC na USB. Amfaninsa shi ne ba ya auren Pi, gobe kana iya zare shi ka sa a kwamfutarka. Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da Pi, na gane mafi yawansu ba tare da an girka komai ba. Ko ɗan wutsiyar nan da ake sayarwa don wayoyin da ba su da ramin iyafis DAC ne, kuma wasunsu sun fi ramin Pi tsabta nesa ba kusa ba, illa dai ƙarfin fitarsu bai kai na HAT ba, sai ka ƙara murɗa amfilifaya. Idan kuma ka duba bayan amfilifayarka ka ga ramin shigar lambobi da aka rubuta OPTICAL ko COAXIAL, to tana da nata DAC a ciki, abin da kake buƙata falle ne mai fitar da lambobi zalla, irin su HiFiBerry Digi.

Gargaɗi ɗaya kafin in wuce, tunda ka ce tsohuwa ce: kada ka kuskura ka jona a ramin da aka rubuta PHONO. Wancan na allurar garmaho ne, an yi shi don sigina 'yar mitsitsiya wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da DAC ke fitarwa ba, kuma yana ƙara kaurin sauti da gangan. In ka zuba masa bolt 2 za ka ji ɓarɓarar da za ta iya taɓa lasifikarka. AUX, CD, TUNER ko TAPE, kowanne ya yi.

Sai wuta. Wannan ce ta fi ba mutane wahala, kuma ita aka fi rainawa, saboda kowa na da tsohuwar caja a gida. Pi 3 na son bolt 5 da amfiya 2.5, Pi 4 na son amfiya 3 ta USB-C. Cajar waya an yi ta ne don cika batir, batir kuwa bai damu ba in wuta ta ɗan yi ƙasa ta dawo. Pi ta damu. Da zarar abin da ke isa gare ta ya sauka ƙasa da bolt 4.63 sai ta fara rage gudunta don ta tsira. Shi ya sa adaftarta ta asali ke bayar da 5.1, an bar rarar abin da kebul zai cinye a hanya.

Na taɓa kwana uku ina farautar wani "ƙas" da ke shigowa cikin waƙa jefi-jefi. Na canza DAC, na canza manhaja, na zargi rauta, wato akwatin da ke raba intanet a gida, har na fara zargin lasifikar. A dare na uku na kashe fitilar ɗaki zan kwanta, kiɗa na tafiya a hankali, sai idona ya faɗa kan 'yar jar fitilar da ke gefen Pi. Ya kamata ta tsaya cak a kunne. Sai na ga ta ɗauke ta dawo, daidai lokacin da faifan ajiya ya yi ɗan gurnaninsa na tashi daga barci, kuma a daidai nan "ƙas" ɗin ya fito. Na shiga wurin da ake rubuta wa Pi umarni na rubuta vcgencmd get_throttled, ta ba ni 0x50005, ma'ana wuta ta gaza yanzu, kuma ta sha gazawa a baya. Cajar ba ta da laifi, abin da aka rubuta a jikinta daidai ne. Kebul ɗin ne siriri, dogo, mai kyan gani, zaren tagullar cikinsa bai fi gashi ba. Na sa gajere mai kauri, amsar ta koma 0x0, ban sake jin ƙas ba. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini ƙorafin sauti, umarnin nan nake fara sa shi ya rubuta kafin mu yi wata magana.

Wannan ya shafi faifanka kai tsaye. Duk ramukan USB na Pi 4 a haɗe amfiya 1.2 suke iya bayarwa, faifai mai juyawa kuwa yana zuƙar wuta sosai a lokacin tashi. Ko dai ka sa masa mahaɗar USB mai nata wutar, ko ka kwashe waƙoƙin zuwa filashi ko SSD. Lissafin wurin ba wuya: kundin waƙoƙi ɗaya a tsarin FLAC, wanda ke matse fayil ba tare da zubar da komai ba, yana cin wajen megabayit 300, don haka terabayit ɗaya zai ɗauki kundi fiye da 3,000. In MP3 ne, filashi mai gigabayit 128 ma sai ka yi da gaske kafin ka cika shi.

Za ka ji masu cewa sai ka sayi wata adafta ta musamman mai nauyi kamar bulo, wadda kuɗinta ya ninka na Pi ɗin sau da yawa, wai sai da ita sauti ke "buɗewa". Ban hana mai kuɗi jin daɗinsa ba. Amma DAC na kirki yana da nasa matatar wuta a jiki, kuma kuɗin nan in ka zuba su a lasifika, ko ma ka ja lasifikar da kake da su daga jikin bango ka daidaita su da kujerarka, za ka ji canjin da ba sai an rantse maka ba. Gurnanin "huuum" mai kauri da ba ya tafiya ko an tsayar da waƙa kuwa wani ciwo ne daban, yawanci na'urori biyu ne ke samun wayar ƙasa, wato earth, ta hanyoyi biyu. Fara da jona Pi da amfilifaya a soket ɗaya, ka kuma zare kebul ɗin talabijin in yana jiki, ka ji ko ya tafi.

Manhaja kuma ba sai ka gina komai daga tushe ba. Akwai waɗanda aka dafa aka gama, kai dai ka sauke, ka rubuta a katin microSD da Raspberry Pi Imager, ka zura. Uku ne na sani ciki da waje. Volumio, wadda aka faro a Italiya, ita ta fi sauƙi ga sabon shiga: in ta tashi karon farko takan buɗe nata Wi-Fi, ka shiga da waya, ta yi ta yi maka tambayoyi har a gama. Sai dai wasu abubuwan, irin su Tidal da Qobuz, masu aiki irin na Spotify, sai ka biya kuɗin rajista. moOde kyauta ce gaba ɗayanta, ta fi yawan maɓallan gyare-gyare, har da CamillaDSP na daidaita sauti da yanayin ɗaki, kuma ita nake amfani da ita. Su biyun a ƙarƙashi injin ɗaya ke jan su, wato MPD. Ta ukun piCorePlayer, 'yar ƙarama ce ƙwarai, tana kwashe kanta gaba ɗaya ta zauna a ƙwaƙwalwar wucin gadi, ba ta rubutu a kati sai ka ce ta yi. Tana aiki da Lyrion Music Server, wanda a da ake kira Logitech Media Server kafin a sauya masa suna a 2024. Ta fi wuyar saiti, amma in kana da niyyar sa na'ura a ɗaki biyu ko uku su riƙa yin waƙa ɗaya a tare ba wanda ya riga wani, ita ce gwanar wannan.

Wannan zancen rubutu a kati ba ƙaramin abu ba ne. Katin microSD ba ya son a yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu, kuma Pi ba ta da batir. Sau tara za ka zare ta daga soket ba abin da zai faru, na goma ta ƙi tashi. In inda kake wuta na yawan ɗaukewa ba sallama, ko akwai yaran da ke kashe soket, piCorePlayer ta fi dacewa da kai. In moOde ko Volumio ka zaɓa, ka saba da kashe ta daga cikin manhaja, ko ka bar ta a kunne dare da rana, tunda abin da take ci a zaune bai wuce wat 2 zuwa 3 ba. Kuma ranar da ka gama saiti komai ya zauna, cire katin ka yi masa cikakken kwafi, wanda ake kira image, a kwamfuta. Minti goma ne, amma zai fanshe ka yini guda wata rana.

Bayan ta tashi, sai ka buɗe birauza a waya ka rubuta moode.local ko volumio.local. In wayar ta ce ba ta san wurin ba, wasu wayoyin Android kan yi haka, shiga rauta ka duba lambar da ta ba Pi, ka rubuta lambar, ka kuma ce wa rautar ta riƙe mata wannan lamba dindindin. A shafin saitin sauti za ka ga jerin sunayen DAC, zaɓi naka, ta sake tashi. Abin da ke faruwa a ɓoye layi ɗaya ne ake ƙarawa a fayil ɗin config.txt, misali dtoverlay=hifiberry-dacplus. In shiru ya biyo baya, umarnin aplay -l zai nuna maka ko ta ga fallen. Kafin ka danna waƙar farko, mayar da maɓallin amfilifaya ƙasa tukuna, don sau da yawa manhajar na farawa ne a ƙarshen ƙarfinta. Daga baya ni nakan bar na manhaja a 100 in riƙa juya na amfilifaya, sai in zan miƙa wa baƙo wayar.

Matsalarka ta kira na yanke kiɗa za ta tafi, amma ka san dalili don kada ka koma gidan jiya ta wata ƙofar. A Bluetooth, wayar ce ke ɗauko waƙar, ta matse ta, ta harba wa lasifika, don haka duk abin da ya sami waya ya sami kiɗa. A sabon tsarin, wayar rimot ce kawai. Ka zaɓi waƙa, Pi ta je ta ɗauko da kanta, kana iya kashe wayar ma kiɗa na tafiya. Haka Spotify Connect yake aiki, kuma moOde da Volumio duk suna da shi. Abu biyu game da shi: sai kana da rajistar Premium, kuma manhajar da ke yin aikin a ƙasa, librespot, 'yan sa-kai ne suka rubuta ta ba kamfanin ba, saboda haka lokaci-lokaci in Spotify ya sauya wani abu takan tsaya sai an sabunta. AirPlay na masu iPhone shi ma yana nan ta hanyar Shairport Sync, amma shi ta cikin wayar sautin ke bi, don haka kira zai iya katse shi kamar yadda Bluetooth ke yi.

Kebul ko Wi-Fi? In rauta na kusa, ja kebul ka huta. Ba wai sautin ya fi daɗi ba, lambobin ɗaya ne, kawai ba ya yankewa. In Wi-Fi ne dole, hau gigahaz 5 idan Pi ɗinka na da shi, wato daga 3B+ zuwa sama, kuma kada ka rufe ta cikin akwatin ƙarfe ruf, don eriyar a jikin Pi ɗin kanta take. Na ga wanda ya sayi kyakkyawan gidan alminiyom, ya ɗaure kusoshi, sigina ta faɗi daga cikakkiya zuwa sanda ɗaya.

Abin da zai fi cin lokacinka ba wayoyi ba ne, sunayen waƙoƙi ne. Manhajar ba ta duba sunan folda, bayanan da ke cikin kowane fayil take karantawa: mawaƙi, kundi, shekara, lambar waƙa. In an rubuta sunan mawaƙi ɗaya iri uku, za ta nuna maka mutum uku, in kuma babu komai a ciki, ɗaruruwan waƙoƙi za su taru ƙarƙashin "ba a sani ba". Kafin ka jona faifan, zauna da Mp3tag ko MusicBrainz Picard a kwamfuta ka gyara su, ka sa hoton kowane kundi a foldarsa da sunan cover.jpg. Waƙoƙin da ba su cikin kundin bayanan intanet, irin waɗanda aka kwafo daga kaset, da hannu za ka cika su, ɗaya bayan ɗaya. Fara da mawaƙa goman da ka fi saurara, sauran ka riƙa bi a hankali duk lokacin da ka ci karo da su.